BAƘON DA BA SHI DA MAI MASAUKI: ABIN LURA A LITTAFIN MISTER JOHNSON

Jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawa na ƙungiya a Sabo, Ibadan



Da farko muna miƙa godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ga ya dace a ware lokaci a zauna a yi maganar littafi, suka kuma ba mu damar buɗe baki a gaban manya. Mun san akwai wanda ya rufe shago ya zo, akwai wanda ya baro kara, akwai wadda ta bar tukunya a kan wuta. Saboda haka ba za mu ja ku da nisa ba.

Littafin da za mu yi magana a kansa sunansa Mister Johnson. Da Turanci aka rubuta shi, aka buga shi a Ingila a 1939. Wani zai ce, to, mu da muke fama da neman na tuwo a Kurmi, ina ruwanmu da labarin da wani Bature ya ƙaga tun kakanninmu na samari? Ruwanmu a ciki shi ne, labarin baƙo ne. Wani yaro ne ɗan Kudu aiki ya kai shi Arewa a zamanin mulkin Turawa, ya ga yarinya ya so ta, ya ɗauko burin da ya fi ƙarfinsa, ya ƙare a bakin bindiga. Shi ya bar Kudu ya tafi ƙasarmu, mu kuma mun baro tamu mun zo tasu. Hausawa kuwa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wane ne marubucin?

Sunansa Joyce Cary. Kada sunan ya ruɗe ku, namiji ne. An haife shi a ƙasar Ailan a 1888, ya mutu a Ingila a 1957. Ya shiga aikin mulki na Nijeriya ta Arewa a 1913. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ya bi sojojin Nijeriya zuwa Kamaru yaƙar Jamusawa, har ya ji rauni a dutsen Mora a 1915. Bayan nan aka ba shi riƙon ƙasar Borgu, inda ya duƙufa wajen share hanyoyi da kafa gadoji da gina zanguna domin fatake. A 1920 ya ajiye aiki ya koma gida ya kama rubutu. Littattafansa huɗu a Nijeriya ya kafa labarinsu, wannan shi ne na ƙarshe a cikinsu, shi ne kuma ya fi suna.

Mun kawo wannan ne don ku san mai maganar ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. Ya san ofis ciki da bai. Ya san yadda ake raba kuɗin baitulmali, ya san zaman kaɗaici a bariki, ya san abin da ke cikin zuciyar Bature mai son ya bar suna a ƙasar da aka ba shi. Amma mutanen gari daga kan kujerar Di'o ya san su: masu kawo ƙara, masu biyan haraji, lebura a bakin hanya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ya kai akawun Kudu Arewa?

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris na shekarar. Da aka gama harbe-harbe sai aka koma ofis, ofis kuwa sai da mai buga tafireta, mai riƙe littafin kuɗi, mai aika waya. Arewa tana da malamai da alƙalai masu rubutun Larabci da ajami tun shekaru aru-aru, amma Bature da boko yake aikinsa. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, don haka ba a sakar wa 'yan mishan mara a ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano sai a 1909 aka fara ta, Kwalejin Katsina kuwa sai a 1922 aka yi bikin buɗe ta. A nan Kudu kuwa, tun 1859 akwai makarantar sakandare ta mishan a Ikko.

Shi ya sa akawuna da ma'aikatan gidan waya da na jirgin ƙasa na farko yawancinsu daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas da sauran garuruwan bakin teku aka kwaso su. Da layin dogo ya isa Kano a 1911 sai suka ƙara yawa. A manyan garuruwa aka yi musu Sabon Gari a wajen ganuwa, suka zauna da 'yan'uwansu. Amma a ƙaramin gari inda Bature ɗaya ne ko biyu, akawu shi kaɗai yake, a rataye tsakanin bariki da gari. Bature ba ya cin abinci da shi, mutanen gari ba su sakin jiki da shi, domin a wurinsu kunnen Bature ne. To, a irin wannan wuri Cary ya ajiye Johnson.

Yadda labarin yake

Garin sunansa Fada. Cary ne ya ƙirƙire shi, amma ya ba shi abin da garin Arewa na wancan zamani yake da shi: Sarki da Waziri, dogarai, kasuwa, bariki can a gefe, gidan waya, da kantin Bature guda ɗaya. Johnson ƙaramin akawu ne na gwaji, ba a ma tabbatar da shi a aiki ba, daga makarantar mishan aka ɗauko shi. Bai kai shekara 20 ba. Yaro ne mai fara'a, mai surutu, mai kyauta kamar ba gobe. In daɗi ya kama shi sai ya ƙaga waƙa nan take, ya tara makaɗa, a kwana ana rawa a ƙofar ɗakinsa. Yana son farin kwat da takalmi mai ƙyalli. Bai taɓa taka Ingila ba, amma in zai ambace ta gida yake ce mata, Sarkin Ingila kuma sarkinsa ne.

A bakin kogi, wurin fito, ya fara ganin Bamu, 'yar mai fito, kyakkyawar yarinya daga mutanen ƙauye masu bin addinin gargajiya. Gani ɗaya ya ce ita zai aura. Nan take ya shiga jero mata alkawari: zai mai da ita matar ma'aikacin gwamnati, ta sa riga irin ta matan Turawa, ta waye, ta daina wahalar ƙauye. Ita kuwa kallon taɓaɓɓe take yi masa. Iyayenmu da ke nan, ku lura da yadda aka yi neman auren nan. Ba waliyyi, ba kawu, ba dattijo ko ɗaya. Shi da kansa ya je gaban uban yarinya da 'yan'uwanta, aka zauna ana ciniki kamar na saniya, ya amsa kuɗin da albashinsa ba zai ɗauka ba, a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Da ma da bashi a wuyansa, sai aka ɗora masa wani a kai.

Bamu ba muguwar mace ba ce. Ta yi masa girki, ta riƙe ɗaki, ta yi duk abin da al'adarsu ta ce mace ta yi wa wanda ya biya dukiyar aure. Amma rigar Turawa ba ta gabanta, mafarkinsa na Ingila kuma ba ta ga inda zai kai su ba. A wurinta aure yarjejeniya ce tsakanin danginta da wani baƙo, in kuɗi ya tsaya sai ta koma gida. Shi kuwa wata Bamu ce daban yake so, wadda ya zana a cikin kansa. Suna ɗaki ɗaya, amma kowa da duniyar da yake kwana a ciki. Karon al'adu da ake faɗa, a littafin nan tun daga kan tabarmar aure ya fara.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waziri ya ga yaro na fama da masu bin bashi, shi kuma yana son ya san abin da Bature ke rubutawa a asirce game da Sarki da fadawansa. Ya miƙa wa Johnson kuɗi, Johnson ya fara kai masa sirrin ofis. Amana ta farko ke nan da ta karye.

Sa'an nan ga Rudbeck, wani matashin Bature mai riƙe da Fada. Shi ba ya son aikin takarda. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya fasa daji ya yi hanyar mota da za ta haɗa Fada da babbar hanyar Arewa. Kuɗin da aka ware wa hanya kaɗan ne, suka ƙare aiki bai yi nisa ba. A tsarin baitulmali kowane aiki da kason kuɗinsa, ba a ɗibar na wannan a yi wancan. Johnson, don son ya faranta wa ubangidansa rai, sai ya kawo dabara: a ɗebi kuɗin wasu ayyuka a zuba a hanya, a rubuta a littafi kamar inda aka ware su aka kashe su. Rudbeck ya yarda. Da ya tafi hutu, Baturen da ya canje shi ya buɗe littattafai ya ga abin da aka yi. Aka kori Johnson. Shi kuwa Rudbeck, faɗa aka yi masa, ya dawo kan aikinsa. Kun ji fa. Laifi ɗaya, hukunci biyu.

Daga nan Johnson ya faɗa kantin wani tsohon soja Bature mai suna Gollup, mashayi, mai dukan matar da ya ajiye 'yar ƙasa, yau ya ja ka a jiki gobe ya zage ka tas. Nan ma zaman bai ɗore ba. Da Rudbeck ya dawo sai ya sake ɗaukarsa, a wannan karo mai kula da lebura a bakin hanya. A nan ne baiwar yaron ta fito fili. Ya bi ƙauyuka da ganguna da giya da waƙa, ya mai da aikin sara da haƙa kamar bikin gayya, ƙauye na gasa da ƙauye. Abin da kuɗin gwamnati ya kasa, bakin Johnson ya yi shi. Hanya ta ɓulle, motoci suka fara shigowa, kasuwa ta cika.

Tun farko Sarki da Waziri ba su so hanyar ba. Sun ce za ta kawo ɓarayi da baƙin da ba su jin tsoron kowa, ta raba talaka da ladabi. Cary bai ƙaryata su ba. Hanya ta kawo ciniki, ta kuma kawo duk abin da suka faɗa, har shi kansa Rudbeck ya tsaya yana tambayar zuciyarsa ko me ya jawo wa gari.

Ana cikin haka sai ya gano Johnson na karɓar kuɗi don aljihunsa a zangon da fatake ke sauka. Kalmar nan tamu ta zango tana cikin littafin, ko da yake Cary "zungo" yake rubuta ta. A idon Johnson, ina bambancin wannan da abin da suka yi da kuɗin baitulmali shi da ubangidansa? A idon Rudbeck kuwa, wancan don gwamnati aka yi, wannan sata ce. Ya kore shi a karo na biyu. Kuɗi ya yanke, Bamu ta koma gidansu, Waziri ya juya masa baya, masu cin tuwonsa da rawa a ƙofarsa suka watse. Don ya nuna har yanzu shi wani ne, sai ya koma shiga kantin Gollup da dare yana ɗibar kuɗi. Ran nan Gollup ya rutsa shi, Johnson ya soke shi da wuƙa, ya mutu. Da ya gudu wurin dangin matarsa, a nan aka kama shi.

Wa zai yi shari'ar? Rudbeck. Aka yanke hukuncin rataya. Johnson bai zagi kowa ba. Abu ɗaya ya roƙa, kada a rataye shi, ubangidansa ya harbe shi da hannunsa, don shi a ganinsa abokinsa ne. Yana durƙushe yana addu'a Rudbeck ya ɗauki bindiga ya cika masa roƙonsa. Ƙarshen labarin ke nan.

Wanda karatun Turanci ke ba shi wuya, an yi fim ɗin littafin a 1990, an ɗauke shi a wajen Toro ta Jihar Bauchi. Maynard Eziashi ne ya fito a Johnson, har ya ci kyautar gwanin 'yan wasa a bikin fina-finai na Balin a 1991. Pierce Brosnan ne Rudbeck. Uban Bamu kuwa marigayi Hubert Ogunde ne, wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke ɗauka uban wasan kwaikwayonsu, ya kuma rasu a shekarar da fim ɗin ya fito.

Inda littafin ya kauce

A 1952 mujallar Time ta Amurka ta yaba wa littafin nan, ta ce ba a taɓa rubuta labarin Afirka da ya kai shi ba. A daidai wannan zamani, nan cikin garin nan da muke zaune, akwai wasu samari da ba su yarda ba. Kwalejin Jami'a ta Ibadan an buɗe ta a 1948, a Eleyele ta fara zama, ba nisa da nan. Cikin ɗalibanta na farko akwai Chinua Achebe. Malamansu Turawa suka ba su Mister Johnson su karanta, suna zaton za su yi murna an yi littafi a kan ƙasarsu. Achebe ya ba da labari daga baya cewa wani ɗan ajinsu ya tashi ya gaya wa malamin, shi wuri ɗaya kawai ya ji daɗi a duk littafin, wurin da aka harbe Johnson. Abin da ɗalibin ke nufi shi ne, wannan mai washe baki da rawa a gaban Bature ba ɗan Nijeriyar da suka sani ba ne. Ɓacin ran nan yana cikin abin da ya tunzura Achebe ya rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958, inda baƙin mutum yake da uba da gona da dangi da dokar gari kafin Bature ya iso.

Mu ma 'yan Arewa muna da namu ƙorafin. In ka cire Waziri mai makirci da dangin Bamu masu ciniki, mutanen Fada yawancinsu taro ne kawai a bayan fage, ana ganinsu ba a jin abin da ke ransu. Abin da muka ce ku riƙe ɗazu ke nan: wanda ya san mutane daga kan kujerar Di'o, abin da ake kawowa gaban Di'o shi zai rubuta. Alhali shekara 5 kafin littafin Cary, a 1934, an buga Ganɗoki na Malam Bello Kagara a Zariya, wanda ya ba da labarin zuwan Turawa ta bakin wanda ya ja daga da su. A 1954 kuma aka buga labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya da ta ga zuwan Turawa da idonta, ta faɗi yadda abin ya kasance a cikin gida wurin mata. In ka haɗa waɗannan da na Cary, sai ka ga lallai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Inda ya faɗi gaskiya

Duk da haka, jama'a, ba mu ce a jefar da littafin ba. Achebe ya zarge shi da kawo mutumin da ba shi da uwa ba shi da uba ba shi da gari. Zargin daidai ne. Amma mu da muka san zaman baƙunci, mun san akwai irin wannan mutum, mulkin Turawa ya ƙera su da yawa, zamanin yau ma yana ƙera su. Abin da ya ci Johnson, in muka duba da idon mutumin zango, shi ne yana da ubangida amma ba shi da mai masauki.

Ubangida yana sonka muddin kana da amfani. Rudbeck ya so Johnson, ba ƙarya ba ne, amma so ne irin na mai doki da dokinsa. Ranar da littafin kuɗi ya tonu bai tsaya masa ba, ranar shari'a kuma shi ne a kan kujera. Mai masauki daban yake. Dattawan da ke zaune a gabanmu sun fi mu sanin wannan. An kafa Sabo a 1916. Baƙo ya sauko da shanu daga Arewa, bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci. Maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. A sayar wa mahauta shanu bashi, ba takarda ba sa hannu, domin maigida ya tsaya lamuni, in mai saye ya gaza shi zai biya daga aljihunsa. Haka mai goro a Kano yake aiko da kuɗinsa wurin wanda zai saya masa a ɗaure huhu a ɗora a mota. In rigima ta taso a kai ta gaban Sarki da dattawa a kashe ta a cikin gida. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga shi a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya.

Yanzu ku ɗauki Johnson ku sa shi a cikin irin wannan tsari. Da zai nemi aure, da an sami dattijon da zai shige gaba, ya ce wannan kuɗi ya yi yawa, yaronmu ba zai iya ba. Da bashi ya fara yi masa yawa, da an kira shi an zaunar da shi tun kafin Waziri ya rigaye kowa. Da aka kore shi daga aiki, da akwai zauren da zai kwana da wanda zai ba shi ɗan jari. Ba muna wanke shi ba ne. Ya ci amana, ya yi sata, ya kashe rai, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Amma daga ranar da ya sauka Fada har ranar da aka harbe shi, ba a sami babba ɗaya da ya ja kunnensa don yana ƙaunarsa ba. Shi ma bai nema ba, domin ya riga ya sa a ransa cewa shi ɗan Ingila ne, duk wani baƙin mutum yana ƙasa da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

To, mu duba kanmu. Kullum manyan motoci na sauke samari daga Arewa a garin nan da Ikko da Shagamu da sauran garuruwan Kurmi. Wannan zai yi acaɓa, wannan gyaran takalmi, wannan turin baro, wannan gadi. Nawa ne a cikinsu wani maigida ya san sunansu da sunan garinsu? Nawa ne ke kwana a tasha da gindin gada? In ɗayansu ya shiga hannun 'yan sanda, wa zai je belinsa? In ya yi faɗa da ɗan gari, wa zai shiga tsakani tun abin yana na mutum biyu? Mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, mun ga na kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021, mun san yadda ƙaramar magana ke zama gobarar da ke cin dukiya da rayukan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, namu da na maƙwabta.

Akwai kuma wani Johnson ɗin da muke renonsa a cikin gidajenmu. Shi ne yaron da muka sa makaranta, ya yi karatu, muka ji daɗi, amma ya fara jin kunyar a ji shi yana Hausa a gaban abokansa, ya ɗauki zauren ubansa wurin jahilai. Boko ba laifi ba ne, rashinsa ne ma ya sa aka kawo wa kakanninmu akawu daga bakin teku. A yi shi, a yi shi da zurfi, maza da mata. Sai dai yaro ya san inda zai koma ranar da ofis ya rufe masa ƙofa.

Wani abin kuma, kada mu manta a labarin nan su wane ne 'yan gari. Mutanen Fada sun ci abincin Johnson, sun yi rawa da kiɗansa, sun yi masa dariya a bayan ido, da ya faɗi ba wanda ya miƙa masa hannu. A can gida akwai Bayarabe da Ibo da ke zaune a Sabon Gari kamar yadda muke zaune a nan. Ɗaya daga cikin irinsu, Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, shi ya rubuta The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass, labaran Arewa da yaran Nijeriya da yawa suka karanta a makaranta. In mun je gida ganin dangi, mu riƙa gaya musu cewa yadda suka riƙe baƙon da ke cikinsu, haka ake auna mana a nan.

Shawara

Muna roƙon shugabannin ƙungiya, cikin ladabi, su duba abu biyu. Na farko, a farfaɗo da al'adar mai masauki ta yadda za ta dace da yau. Kowace unguwa da kowace tasha a sami dattijo ko biyu da sabon zuwa zai je wurinsu, a rubuta sunansa da garinsu da sana'arsa, a gaya masa dokar gari da abin da 'yan ƙasa ba su so. Ba kuɗi mai yawa abin zai ci ba, littafi ne da biro da mutum mai haƙuri.

Na biyu, ɗalibanmu da ke nan, ku da kuke da waya a hannu, ku zauna da tsofaffinmu ku ɗauki maganarsu tun suna raye. Wane ne ya fara zuwa a gidanku, daga wane gari, da ƙafa ko a jirgin ƙasa? Wa ya sauke shi? Yaya aka yi auren farko tsakanin gidanku da 'yan gari? A cikin zaurukan Sabo akwai labaran soyayya da buri da karo da Turawa da suka isa a yi littattafai da su. Labarin Fada Bature ne ya rubuta shi, na Sabo ma baƙo ne ya rubuta, da Turanci kuma. Mujallar nan tamu tana da fili, a fara kawowa ko shafi ɗaya ne a kowace fitowa.

Mai girma shugaban taro, a nan za mu dakata don a bar wa jama'a lokacin tambaya da ƙarin bayani, musamman dattawan da suka ga abin da mu labarinsa kawai muka ji.  Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.